Laftof Ɗin RISC-V Ta Ƙi Tashi: Kurakuran Da Aka Fi Yi Da Yadda Ake Gyara Su

Wanda ya saba da kwamfutar Intel ko AMD yana da wata al'ada da ta riga ta zauna masa a hannu. Kwamfuta ta ƙi tashi? A sauko da Ubuntu, a zuba a filash, a kunna ana danna F12, a zaɓi filash ɗin, shi ke nan. Shekara da shekaru wannan dabara tana ci, har mutum ya ɗauka haka kowace kwamfuta take. Ranar da laftof mai firosesar RISC-V ta faɗo hannunsa sai ya yi mata abin da ya saba, ita kuwa ta yi masa shiru: fitila tana ci, sikirin baƙi ƙirin, babu ko harafi ɗaya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa fanel, wato babban allon da kayan cikinta suke zaune a kai, ya ƙone.

Mafi yawan lokaci babu abin da ya ƙone. Kama da wane ba ta wane, kuma kusan duk kurakuran da zan kawo a nan daga wannan kamannin suke fitowa: akwati iri ɗaya, madannai iri ɗaya, amma hanyar tashi daban.

An fara RISC-V a 2010 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ƙarƙashin Krste Asanović da David Patterson tare da ɗalibansu Andrew Waterman da Yunsup Lee. Abin da suka buɗe wa duniya shi ne jerin umarnin da firosesa take ji, wato harshenta, ta yadda kowa zai iya ƙera tasa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Linux ya karɓi wannan harshe tun sigar 4.15 a farkon 2018. Sai dai laftof ba firosesa ce kaɗai ba. Akwai na'urar zana hoto, akwai mai kula da ma'adana, akwai mai kula da batir da wifi da sauti, kuma kowane kamfani da yadda ya haɗa nasa. Kalmar "buɗaɗɗe" ba ta kai can ba. Kuskure na farko ke nan, kuma shi ne uban sauran: ɗaukar cewa tunda an rubuta riscv64 a jikin fayil, to zai tashi a kan kowace na'urar RISC-V.

Ƙwaƙwalwa uku ne, wato guntun da yake ɗauke da firosesa da wasu kayan haɗinta, suka fi yawa a laftof ɗin da suka fito kasuwa. Akwai JH7110 ta StarFive, mai ƙwayoyi huɗu na SiFive U74, wadda take cikin fanel ɗin da DeepComputing ya yi wa Framework Laptop 13, aka fara sayar da shi a Fabrairun 2025 kan dala 199. Akwai TH1520 ta T-Head, mai ƙwayoyi huɗu na C910, wadda take cikin Lichee Console 4A ta Sipeed. Akwai kuma K1 ta SpacemiT mai ƙwayoyi takwas, wadda ita da 'yar'uwarta M1 suke cikin DC-ROMA II da MuseBook. Dukkansu RISC-V ne, amma imej ɗin da aka haɗa wa ɗaya, wato fayil ɗin nan mai ƙarshen .img da ake zubawa a memori, ba ya tayar da ɗayar. Har a cikin ƙwaƙwalwa iri ɗaya ma, imej ɗin ƙaramin fanel na gwaji ba lalle ya dace da laftof ba. Mutum zai ga ƙaramin fanel na VisionFive 2 da fanel ɗin Framework duk JH7110 suke ɗauke da ita, ya zuba na wancan a wannan, kanel, wato zuciyar Linux, ya tashi lafiya amma sikirin ya ƙi kawowa, madannai su ƙi amsawa.

Dalilin yana cikin wani ɗan fayil mai ƙarshen .dtb. A kwamfutar Intel, BIOS ne yake ba babbar manhaja labarin abin da ke cikin akwati ta hanyar ACPI, don haka filash ɗaya yake tayar da dubban kwamfutoci. A waɗannan laftof ɗin babu mai bayar da wannan labari. Sai dai a miƙa wa kanel taswira rubutacciya: ga inda sikirin yake, ga ƙafar da take kunna hasken bayansa, ga mai kula da batir, ga adireshin ramin memori. Taswirar ita ce DTB. Ka ba kanel taswirar gidan maƙwabci, zai yi ta ƙwanƙwasa bango yana neman ƙofa. Gyaran ba shi da wahala idan an gane: a nemi imej mai ɗauke da cikakken sunan laftof ɗin, har da lambar siga da girman RAM, daga wurin wanda ya ƙera ta ko daga Ubuntu ko Fedora ko Debian idan sun ambaci na'urar da sunanta. Idan kuma tsarin ya riga ya tashi rabi da rabi, a rubuta cat /proc/device-tree/model a ga sunan da kanel yake zaton yana kai. Idan sunan ba na laftof ɗinka ba ne, ka gama bincike. Haka ma idan ka sayi mai 16GB amma tsarin yana nuna maka 8GB ko 4GB, kafin ka zargi mai kaya da ha'inci, ka duba taswirar da U-Boot ɗin da ka zuba, wato manhajar da take ɗauko kanel a lokacin tashi.

Waya mai ƙafa uku

Kuskure na biyu shi ne gyara a makance. Tsakanin danna maɓallin wuta da bayyanar sikirin, matakai shida ko bakwai ake wucewa, kowanne yana miƙa wa na gaba. Da farko akwai ɗan umarnin da aka gina cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta, ba ya goguwa. Shi yake nemo SPL, ƙaramin U-Boot wanda babban aikinsa shi ne tayar da RAM. SPL ya ɗauko OpenSBI, wanda yake zama a matakin iko mafi girma yana yi wa kanel hidima. Sai cikakken U-Boot, sai GRUB ko fayil ɗin extlinux.conf masu faɗin wane kanel za a ɗauko, sai kanel da taswirarsa da initramfs, ɗan tsarin wucin gadi da yake taimaka masa ya nemo ma'adana, sannan a ƙarshe a buɗe yankin da babbar manhaja take. Akasarin waɗannan matakai ba su san da zaman sikirin ba. Duk maganarsu ta wata hanya suke yin ta, ana kiran ta UART.

Shi ya sa na ce duk wanda zai taɓa irin wannan laftof, kafin ya sayi jaka ko linzami, ya sayi 'yar wayar USB zuwa UART. Kuɗinta bai kai na caja ba. Ƙafa uku kawai ake haɗawa: GND da GND, TX na wayar ya tafi RX na laftof, RX ya tafi TX. Ƙafa ta huɗu mai ɗauke da wuta, VCC, a bar ta a sake. Mutane da yawa suna haɗa TX da TX saboda sunan ya zo ɗaya, su ga babu komai, su ƙara tabbatar wa kansu na'ura ta mutu. A kuma duba ƙarfin wutar da fanel ɗin yake amfani da shi a takardunsa, galibi 3.3V ne, kada a tura masa 5V, don wannan kam yana ƙona ƙafa da gaske. Wasu laftof ɗin sun fito da waɗannan ƙafafu a gefe, wasu sai an kwance murfin ƙasa. A ɗaya kwamfutar sai a rubuta picocom -b 115200 /dev/ttyUSB0, sannan a kunna mara lafiyar. Idan haruffa suka fito a hargitse kamar rubutun aljanu, gudun ne bai zo daidai ba, a tabbatar 115200 ne.

Daga nan na'urar da kanta za ta faɗa maka inda take ciwo. Idan babu ko layi ɗaya, matsalar wuta ce ko kuma an saita ta tana neman SPL inda babu shi. Idan ka ga "U-Boot SPL" sannan ta tsaya, ko dai RAM ta ƙi tashi saboda SPL ɗin ba nata ba ne, ko an rasa fayil na gaba. Idan ka ga tambarin OpenSBI da "Hit any key to stop autoboot", to ka yi hamdala, tushe lafiya lau yake, duk abin da ya rage a kan memori ne. Idan ta kai "Starting kernel ..." ta yi tsit, yawanci taswira ce ba daidai ba, ko kuma kanel yana magana amma ba a gaya masa ta inda zai yi ba; a ƙara masa console=ttyS0,115200 da earlycon=sbi a layin umarninsa a sake gwadawa. Idan kuwa ka ga "VFS: Unable to mount root fs" ko ta jefa ka cikin initramfs, kanel ya tashi sarai, gidansa ne ya kasa ganewa. Wanda ba shi da wannan waya duk waɗannan cututtuka biyar abu ɗaya yake gani: baƙin sikirin. Sai ya bar jaki yana dukan taiki, yana sake zuba imej sau goma alhali ciwon yana wani wuri.

Zuba imej

Nan kurakuran ƙanana ne amma su suka fi cinye wa mutane dare. Imej yakan zo a matse, da ƙarshen .xz ko .gz ko .zst. Wasu manhajojin zubawa kamar balenaEtcher suna warware wasu daga ciki da kansu, amma umarnin dd na Linux ba ya warware komai, abin da ka ba shi shi yake rubutawa. A fara warwarewa. Sannan a rubuta a kan dukkan memorin, /dev/sdb, ba a kan yankinsa na farko /dev/sdb1 ba, domin a cikin imej ɗin akwai nasa tsarin yankuna, kuma a JH7110 misali SPL da U-Boot suna da nasu yankuna na musamman da ake gane su ta lambar nau'insu. Kwafe fayiloli da hannu zuwa memorin da aka yi wa fomatin, kamar yadda ake tura waƙoƙi, ba ya aiki saboda wannan dalili. A jira sync ya gama kafin a zare. Kuma a kalli lsblk, mai nuna sunayen ma'adanai, sau biyu kafin a danna, don dd ba ya tambayar ko ka tabbata.

Sai batun memori kansa, wanda mu a nan mun fi kowa sanin halinsa. Memorin da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba zai karɓi imej ba tare da ƙorafi ba, ya tashi sau ɗaya, a karo na biyu da tsarin ya faɗaɗa yankinsa ya fara rubutu a wurin da babu shi, sai komai ya wargaje. Akwai 'yar manhaja mai suna f3 da take tona asirin irin wannan. Haka kuma idan intanet ta yanke a tsakiyar saukewa, fayil yakan zo guntu. Minti ɗaya na sha256sum, a gwada da lambar da aka wallafa, ya fi sake sayen data.

Wanda yake yi wa wayoyin Android filashin zai ji kamar yana gida a mataki na gaba, domin TH1520 da K1 duk da fastboot ake zuba musu tsarin a ma'adanar ciki: a riƙe maɓallin da aka tanada, a haɗa USB, a tura. JH7110 kuma tana da hanyar ceto ta UART, inda ake tura mata ɗan fayil ta XMODEM ko da an goge komai. Ma'ana, da wuya ƙwarai a kashe waɗannan na'urori da manhaja kaɗai. Amma kada wannan ya sa a yi sakaci. Kada a taɓa SPL da U-Boot na ciki sai batir ya cika, ita ma kwamfutar da ake turowa daga gare ta tana kan batir, ba kan wutar da za a iya ɗaukewa a tsakiyar aiki ba.

Akwai masu sabunta U-Boot don kawai sun ga sabo ya fito, garin neman gira a rasa ido. Akwai kuma akasinsu, masu zuba sabon imej a kan tsohon U-Boot da ya zo daga masana'anta, wanda bai san inda sabon tsarin ya ajiye kanel ba. Takardar da take rakiyar imej takan faɗi sigar da ake bukata. A karanta ta, ita kaɗai ce alƙali. Idan an sabunta, SPL da OpenSBI da U-Boot tare suke tafiya, kada a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can. Wani abu da ake mantawa kuma: U-Boot yana ajiye saitunansa a wani wuri daban, kuma sabuntawa ba ta goge su. Sai sabon U-Boot ya tashi yana bin tsohon umarni. A tsayar da shi ta UART, a rubuta env default -a, sannan saveenv, a sake kunnawa. Layi biyu ne, amma sun tayar da na'urori da yawa da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Tagwayen ma'adana

Wannan ya taɓa cinye min yini guda, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Na zuba imej a memori, ya tashi, na ji daɗi, sai na zuba wannan imej ɗin dai a ma'adanar ciki don na huta da memori. Na bar memorin a rami. Na sabunta kanel, na sake kunnawa, tsohon kanel ya fito. Na sake, haka. Na gyara saiti, na kunna, gyaran ya ɓace kamar ban yi ba. Har na fara tunanin ma'adanar ce ta lalace.

Abin da ya faru shi ne, kowane yanki yana da lambar shaida da ake kira UUID, kuma idan ka zuba imej ɗaya a wuri biyu, ka haifi tagwaye masu suna ɗaya. U-Boot yana ɗauko kanel daga memori, shi kuma kanel da aka ce masa ya nemi mai lamba kaza, sai ya kama duk wanda ya fara amsawa, yau na ciki gobe na waje. Ni ina gyara ɗaki ɗaya, na'ura tana kwana a ɗayan. Da findmnt / da findmnt /boot da blkid ake gane wannan cikin daƙiƙa goma. Maganin kuwa ko dai a zare memorin, ko a sauya wa ɗaya lamba da tune2fs -U random, sannan a gyara /etc/fstab da layin root= su dace da sabuwar lambar.

'Yan'uwan wannan matsala su ne uku. Wanda ya mayar da tsarin kan ma'adanar NVMe a laftof ɗin da take da ramin, amma initramfs ɗinsa ba ya ɗauke da direban NVMe ko na PCIe, zai tsinci kansa a initramfs. A tashi daga memori, a ƙara direban, a sake gina shi da update-initramfs -u. Wani lokaci kuma ma'adanar ce take jinkirin bayyana, kanel ya yi gajen haƙuri. Kalmar rootwait a layin umarni tana sa shi ya jira. Kuma a Debian da danginsa, wanda ya gyara /boot/extlinux/extlinux.conf da hannu ya sani cewa u-boot-update zai sake rubuta shi ranar da sabon kanel ya shigo. Wurin gyara na dindindin shi ne /etc/default/u-boot.

Sabuntawar da take kashe sikirin

A kwamfutar da muka saba, apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji, ladabi ne, kowa ana ce masa ya riƙa yi. A nan sai an bi a hankali. Tsarin da yake zuwa da waɗannan laftof yana tafiya ne a kan kanel ɗin da masu ƙwaƙwalwar suka yi wa ɗinki na musamman: 5.10 a TH1520, 5.15 sannan 6.6 a JH7110, 6.1 sannan 6.6 a Bianbu na SpacemiT. A cikin ɗinkin nan ne direbobin sikirin da sauti da kyamara suke, waɗanda wasunsu ba su riga sun shiga Linux na kowa da kowa ba. Dukkan ƙwaƙwalen uku kuma na'urar zana hotonsu ta Imagination ce, kuma direbanta da ake rabawa tare da imej a ɗaure yake da wannan kanel ɗin da kuma wata Mesa, manhajar zanen hoto ta Linux, da aka yi wa gyara. Buɗaɗɗen direban PowerVR ya shiga Linux a sigar 6.8, amma shigarsa ba ta nufin ya ɗauki kowane samfuri nan take.

To, mutum ya ƙara ma'ajiyar manhajoji ta gama-gari, ya sabunta komai, sabon kanel ya hau, sabuwar Mesa ta ture waccan. Ya sake kunnawa, sikirin ya ɗauke, ko kuma ya kawo amma jan taga ɗaya ya zama kamar jan buhun gero, saboda aikin zane ya koma kan firosesa. Abu na farko, kada a gaggauta gogewa. A danna Ctrl da Alt da F2, ko a shiga ta SSH ko UART. Sau da yawa tsarin yana raye, fuskarsa ce kawai ta tafi. A zaɓi tsohon kanel daga jerin U-Boot ko GRUB, shi ya sa ba a goge tsohon kanel sai an ga sabo ya yi kwanaki yana aiki. Sannan a ɗaure kanel da Mesa da apt-mark hold, kuma kafin kowace sabuntawa a karanta jerin abin da za a cire, ba abin da za a saka kaɗai ba.

Ra'ayina a nan, kuma na san akwai masu ja: a ajiye memori biyu. Ɗaya mai tsarin masana'anta, inda sikirin da sauti da wifi suke aiki, a bar shi yadda yake. Ɗaya kuma na wasa, a zuba masa sabon Linux ana gwaji. Neman haɗa biyun a memori ɗaya shi ne yake jawo kuka.

Akwai wani tarko na daban game da Ubuntu. DC-ROMA II ta fito a 2024 da Ubuntu 23.10, kuma irin wannan siga wata tara kawai ake kula da ita. Bayan nan ana kwashe kayanta zuwa old-releases, sai apt ya fara amsa maka da 404. Mutum ya ga haka ya ce bari in haura zuwa sabuwar gaba ɗaya. Nan ne ramin yake: daga 25.10, Ubuntu na RISC-V yana bukatar firosesa mai cika sharuɗɗan RVA23, ma'aunin da aka tabbatar a Oktoban 2024, kuma babu ɗaya cikin JH7110 da TH1520 da K1 da ta cika su. A kan waɗannan, 24.04 LTS ita ce matsaya. Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025, ita ce sigar farko da ta karɓi riscv64 a hukumance, kuma ta tsaya a kan rv64gc, jerin umarni na gama-gari wanda dukkan ukun suke ji.

Harshe ɗaya, karin magana daban

Saƙon "Illegal instruction" yana tsorata mutane fiye da kima. Ma'anarsa kawai an ba firosesa umarnin da ba ta sani ba. RISC-V tushe ne ƙarami da ake yi wa ƙari, kowane ƙari da harafinsa, kuma layin isa a cikin /proc/cpuinfo yana nuna waɗanda taka take da su. Wanda ya fi jawo rikici shi ne V, mai sarrafa lissafi da yawa a lokaci guda. JH7110 ba ta da shi sam. K1 tana da siga 1.0, wadda aka tabbatar a 2021. TH1520 kuwa tana da 0.7.1, daftarin da aka ƙera kafin a kammala, kuma bai jitu da 1.0 ba. Manhajar da aka haɗa don K1 za ta iya faɗuwa a kan sauran biyun. A nemi wadda aka haɗa don rv64gc, ko a haɗa da kai a kan na'urar.

Masu TH1520 su san wani abu kuma. A Agustan 2024 masu bincike na CISPA a Jamus suka bayyana wata ɓaraka a C910 da suka kira GhostWrite, wadda take ba ƙaramar manhaja damar rubutu kai tsaye a RAM ta hanyar wannan V ɗin. A jikin ƙarfen take, ba a iya yi mata faci, sai dai kanel ya kashe V gaba ɗaya. Don haka idan bayan sabunta kanel ka ga wasu ayyuka sun ragu da gudu ko manhajar da take dogaro da V ta daina tashi, ƙila da gangan aka rufe. Kada ka yi ta neman yadda za ka buɗe a kan na'urar da kake shiga asusunka da ita.

Shi kuwa "Exec format error" nufinsa fayil ɗin na wata firosesa ce daban, ta Intel ko ARM. Umarnin file zai gaya maka. Windows ba ya hawa waɗannan laftof, duk wanda ya ce zai saka maka, kuɗinka yake so. Firefox da Chromium da LibreOffice suna nan, amma manhajojin da ake rabawa a rufe yawanci babu nasu. Box64 yana iya tafiyar da wasu na x86 ta hanyar fassara, a kan firosesar da dama ba gudu gare ta ba, don haka a rage buri.

Saura ƙananan abubuwa biyu da suke kama da babbar cuta. Agogo: idan na'urar ba ta riƙe lokaci, ko direban agogonta bai hau ba, takan farka a shekarar da ta wuce, wani lokaci ma 1970. Sai shafuka su ƙi buɗewa saboda takardun tsaro, apt ya ce fayil ɗinsa "is not valid yet". A duba date, a kunna timedatectl set-ntp true, magana ta ƙare. Sai barci: rufe murfi ana sa ran ta kwanta ta farka kamar sauran laftof. A tsarin da wannan bai kammala ba, za ta kwanta ta ƙi farkawa, ko ta ƙi kwanciya ta yi ta cin batir a cikin jaka tana zafi. A gwada systemctl suspend sau ɗaya ana kallo ta UART. Idan ba ta dawo ba, a buɗe /etc/systemd/logind.conf a mayar da HandleLidSwitch zuwa ignore ko poweroff.

Caja ma tana da nata. Na'urar da take kaiwa tsakiyar tashin kanel ta mutu ta sake farawa, kullum a kusan wuri ɗaya, ba tare da wani saƙon kuskure a UART ba, sau da yawa yunwar wuta ce: a daidai lokacin ne sauran ƙwayoyin firosesa da sikirin da USB suke kamawa tare, cajar waya kuma ba ta iya ɗaukar nauyin, balle idan batir ya yi ƙasa. A sa mata cajar USB-C mai PD da ta kai ƙarfin da aka rubuta a takardarta, da waya mai kauri, a zare duk abin da aka soka a ramukan USB, a bar ta ta sha caji na rabin awa, sannan a danna maɓallin.